Sonika mai tsini ko mai baho, wanne za a saya don nanotub na kabon?

Wa'alaikumus salam Malama. Kan wanne sonika, wato na'urar girgiza ruwa da sauti, za ki saya don warware nanotub, siraran zaren kabon masu rami a ciki, a ruwa ba tare da sun gutsuttsure ba, sayi mai tsini, wanda ake tsoma tsininsa cikin samfurin, ba mai baho ba, wanda ake ajiye kwalbar samfurin cikin ruwansa.

Dukansu biyu suna karya zaren, wannan babu makawa. Girgizar sautin tana tayar da ƙananan kumfa a cikin ruwa, su kumbura, su fashe cikin ƙiftawar ido. Ruwan da ke rugawa cikin gurbin kumfar yana fizgar gefen zaren da ke kusa fiye da na nesa, sai ya tsinke, galibi wajen tsakiya. Dogon zare ya fi saurin tsinkewa, shi ya sa tsayin ke zubewa da sauri a mintocin farko, daga baya abin ya lafa. Ƙarfin da ke raba dunƙulen nanotub ɗin shi ne dai yake yanka zaren. Idan kuma suka gajarce, ba sa haɗuwa su yi wa lantarki hanya in an cuɗa su cikin roba sai kin ƙara yawansu. Don haka ki nemi na'urar da za ki san yawan makamashin da kika zuba, ki tsaya a kan gaɓa.

Mai tsini irin wanda muke aiki da shi a ɗakin gwajinmu nan Katsina yana bugawa a kilohaz 20, wato girgiza dubu 20 a daƙiƙa, kuma abin da kika saita shi za ki samu yau da gobe. Ki fara da miligiram 10 na nanotub masu bango da yawa a mililita 20 na ruwa mai SDS ko SDBS, sinadarai irin na sabulu da ke hana zaren sake dunƙulewa, kashi 1 cikin ɗari. Ƙarfin girgiza kashi 20 zuwa 30, daƙiƙa 5 aiki, daƙiƙa 5 hutu. Tsinin ya nutse kamar santimita 1 zuwa 2, kada ya taɓa gilashi. Idan ya tsaya a sama, ruwan zai yi kumfar sabulu, ƙarfin ya tafi a banza. Kwalbar ta zauna cikin ƙanƙara, musamman da zafinmu na Afrilu, domin mililita 20 ba ta jimawa take ɗaukar zafi. Duk bayan minti 5 ki ɗebi ɗigo, ki sirka shi, ki auna a UV-Vis, na'urar da ke auna yawan hasken da ruwa ke sha. Shan hasken yana ta hawa muddin dunƙulen na warwarewa. Da ya daina hawa, kashe na'urar, duk abin da kika ƙara yanka ne kawai. Sauran dunƙulen a fitar da su da santirifuj, na'urar da ke juya kwalba da sauri har mai nauyi ya kwanta a ƙasa. In akwai Raman a kusa, na'urar da ke duba tsarin kabon da hasken leza, duba layin D wajen 1350 da na G wajen 1580 a zanen sakamakon, hawan D alamar rauni ce a jikin zaren. Ki riƙa duba bakin tsinin kuma, titaniyam ne amma yana cinyewa, ya zuba ɓurɓushi a samfurinki.

Mai baho, na kilohaz 40, ya fi sauƙin kuɗi kuma bai cika yanka ba, amma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina cikin bahon, matsar da kwalba kaɗan sakamako ya canza. Ya isa jiƙa garin nanotub kafin a kai shi ga tsini, da wanke kwalabe.

Ki yi hattara da 'yan kasuwa. Wasu suna haɗa wat ɗin hita da na girgiza su rubuta babbar lamba a kwali. Gwada da kanki kafin ki biya: ruwa giram 100, kunna daƙiƙa 60 da hita a kashe, auna ƙarin zafi. Digiri 2 na nufin wat 14 ke nan, domin giram ɗaya na ruwa yana cin jul 4.18 na makamashi a kowane digiri, wat ɗaya kuma jul ɗaya ne a daƙiƙa. Garin nanotub ɗin ma, kada ki karɓa sai da hoton TEM, wato na madubin ƙara girma mai aiki da elektron, da sakamakon Raman na buhun da za a ba ki, don baƙin garin kabon da ido ba a bambanta shi. Ki haɗa da sitabilaiza tun ranar farko, saboda hawa da saukar wutarmu.