Football Manager 26: tsarin kai hari daban, na tsare gida daban

Football Manager 26, wasan kwamfutar da Sports Interactive ke ƙerawa, SEGA kuma ke sayarwa, ya fito ranar 4 ga Nuwamba 2025, bayan an soke na shekarar da ta gabata ɗungurungum. An koma amfani da Unity, manhajar ƙera wasannin kwamfuta, wajen hoto, an saka ƙwallon mata, an samu lasisin Firimiyar Ingila. Amma abin da zai sa mutum ya fitar da kuɗinsa shi ne shafin dabarun koci.

A da tsari ɗaya kake zanawa, sai ka ce wa kowane ɗan wasa ya tsare, ya tallafa, ko ya kai hari. An cire wannan. Yanzu tsari biyu ne, ɗaya idan ƙwallo na hannunku, ɗaya idan an ƙwace ta, kuma kowa yana da aiki biyu. Haka ƙwallon gaske take. Manchester City ta Guardiola a kakar 2022/23, wadda ta ci kofi uku, tana kai hari da 3-2-4-1, John Stones ya baro baya ya tsaya kusa da Rodri, in ƙwallo ta kuɓuce kuma su koma 4-4-2.

Ga yadda ake ginawa daga 4-3-3. Idan kuna riƙe da ƙwallo, lamba 2 ya shigo tsakiya gefen lamba 6, lamba 3 ya matso ciki ya zama na uku a 'yan baya, lamba 8 da 10 su haura su cike gurbin da ke tsakanin lamba 9 da 'yan gefe, 7 da 11 su manne da layi. Ka samu 3-2-5 ke nan, mutum biyar a bayan ƙwallo. In an ƙwace, kowa ya dawo 4-1-4-1.

Inda ake faɗuwa shi ne tazarar da ke tsakanin wuraren biyu na ɗan wasa guda. Fili mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. Lamba 2 da ya shiga tsakiya sai ya yi gudun kusan mita 20 kafin ya koma gefensa, kuma kafin ya isa, ɗan gefen abokan karawa ya riga ya karɓi ƙwallo. Maganin shi ne ɗan bayan da ke dama ya zama mai gudu, a ba shi aikin rufe giɓi, kada ya riƙa fita tarar mutum. Kar a ba fiye da mutum biyu ko uku irin wannan doguwar tazara tsakanin tsarin biyu. Wani kuskuren kuma, a bar lamba 9 da 'yan gefe duka suna jiran harin ramuwa a gaba: mutum bakwai kaɗai za su rage suna tsarewa, lamba 6 ya gaji tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Mutum ɗaya ya isa, sauran su bi sawun 'yan bayan da ke haurowa.

Akwai taswirar da ke nuna inda kowa zai tsaya yayin da ƙwallo ke tafiya daga sashe zuwa sashe. A duba ta kafin kowane wasa, don a nan giɓi ke bayyana.

Laifinsa babba shi ne shafukan. An birkita su, abin da ake samu da dannawa ɗaya a Football Manager 2024 yanzu sai an yi ta laluba, kuma masu saye sun yi ta ƙorafi a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, da fitowarsa. Lokacin da ya fito kuma, babu yi wa 'yan wasa tsawa daga bakin fili, abin takaici ga duk wanda ya saba. Na waya da ake samu ta Netflix ragagge ne, don haka mai son zurfin dabaru ya nemi na kwamfuta. Wanda cinikin 'yan wasa ya fi damunsa, ya ci gaba da na 2024.