Kafin Ka Sayi Madubin Ido Don Kallon Rana

Tun kusufin 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Gana da Togo da Binin da Nijeriya da Nijar, kallon rana ya shiga raina. Masu shirin kusufin 2 ga Agusta 2027, da zai bi ta Luksor da Jidda da Makka, mu kuma a arewa mu ga wani ɓangarensa, sukan tambaye ni wane madubin ido, wato ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa, za su saya wa na'urar hangen nesa. Amsata ita ce, sai ka gama da matatar haske tukuna, domin babu madubin idon da ke kare ido.

Abin da nake amfani da shi, kuma nake ba kowa shawara, shi ne ledar Baader AstroSolar mai lambar OD 5.0, wato ma'aunin ƙarfin tare haske. Siririya ce, tana walƙiya kamar azurfa, ana rufe bakin na'urar da ita ta gaba, don haka zafin ba ya ma shiga bututun. Kashi ɗaya cikin 100,000 na hasken take bari ya wuce. Takan zo da girman takardar A4, ka yanka, ka yi mata murfi da kwali ya kama bakin gam yadda iska ba za ta cire shi ba. In ka ga ta ɗan yamutse kada ka ja ta, haka aka yi ta, ja ne ke ɓata hoton. Rana takan fito fara sol, baƙaƙen tabonta da inuwar da ke kewaye da su a fili. Sai dai a kula: akwai 'yar'uwarta mai OD 3.8, ta ɗaukar hoto ce kawai, ba ta ido ba.

Idan wannan ta zauna, madubin ido mai sauƙi ya isa. Ni samfurin da ake kira Plössl, na milimita 25, nake sa wa. A na'ura mai nisan tattara haske na milimita 700 yana ninka girma sau 28, ranar ta shigo gaba ɗayanta har da fili a gefe. Da rana iska mai zafi tana sa hoton rawa, musamman bayan hantsi in kwanon rufi ya ɗauki zafi, shi ya sa ninki mai yawa ba ya ƙara komai sai hazo. Ka nemi mai robar baki da ke tare hasken gefe. Mai zuƙowa daga milimita 8 zuwa 24 ba laifi. Masu faɗin gani irin Nagler na dare ne, asarar kuɗi ne a nan. Gilashin Herschel, wata hanyar rage hasken rana, na na'ura mai ruwan tabarau ne kaɗai, ga tsada. Coronado PST da Lunt, na'urorin da aka ƙera musamman don kallon rana, suna nuna harsunan wuta a gefen rana, amma ba kayan ɗan koyo ba ne.

Yanzu abin da ya fi damuna. Na'urata ta farko, mai araha, ta zo da wani ɗan baƙin gilashi an rubuta SUN a jikinsa, ana ɗaura shi a gindin madubin ido. Wurin nan ne duk zafin da na'urar ta tara yake haɗuwa. Na ɗaga kai in kira ƙanena ya leƙa, sai na ji ƙas, gilashin ya tsage. Allah ne ya kiyaye. In ka tarar da irinsa a kwalinka, ka fasa shi ka jefar, kada ma wani yaro ya tsinta.

Jabu kuwa sun cika kasuwa. A 2017, gab da kusufin Amurka, sai da Amazon ya mayar wa mutane kuɗin tabarau na kallon kusufi da ba a tabbatar da ingancinsu ba. Rubutun ISO 12312-2, wato lambar shaidar ingancin irin wannan tabarau, kowa na iya buga shi, saboda haka ka san wanda ya ƙera da wanda ya sayar. Tabarau na gaske, ba ka ganin komai ta cikinsa sai rana ko fitila mai tsananin ƙarfi. Kuma ko na gasken ne, ba a sa shi a leƙa na'urar da ba ta da matata a gaba, take zai ƙone. Fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, faifan CD, gilashin da aka turara da hayaƙin kyandir, duk kada ka yarda, domin bayan ido ba ya jin zafi lokacin da yake ƙonewa. Kullum kafin ka ɗora ledar, ɗaga ta ga haske ka duba ko ta huje, sannan ka rufe ƙaramin madubin saiti da ke gefe.