Shagon tireda na bakin layinmu a Tudun Wadan Gusau

Shagon ba shi da allo, ba shi da suna. Ɗaki guda ne da aka fasa wa ƙofa ta waje, da benci a gaba da firiza a gefe. Mu manya Malam muke ce wa mai shi, yara kuma Kawu. Da an fito sallar asuba yake buɗewa, saboda masu neman burodi da ganyen shayi kafin yara su wuce makaranta, kuma ba ya rufewa sai sawu ya ɗauke.

Abin da ya fi riƙe ni a wurinsa shi ne yadda yake tsinka kaya daidai aljihun mutum. Idan rana ta yi zafi, ciniki ya lafa, za ka same shi zaune da buhun sukari a gabansa da ƙaramin cokali, yana ɗibawa yana ƙullewa a farar leda, ƙulli bayan ƙulli, har tire ya cika. Haka yake yi wa man gyaɗa da omo da gishiri. Magi ma ɗaiɗai yake sayarwa, igiyar leƙo kuma ko guda kake so zai ɓare maka. Babban kanti ba zai yanka maka rabin sabulu ba. Ga matar da maigidanta ya bar mata kuɗin cefanen yini kaɗai, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Sai littafin bashi. Tsohon littafin makaranta ne mai bango ja, kowane gida da shafinsa. Ni malamar firamare ce, na san yadda ƙarshen wata yake idan albashi ya yi jinkiri. Nakan aika yaro ya ce, "Kawu, in ji Mama a rubuta." Bai taɓa dawo mini da yaro hannu wofi ba, kuma bai taɓa aiko mini da tuni a gaban mutane ba. Idan lissafi ya yi nauyi, sai ya jira na zo wucewa ya ce, "Malama, in hali ya yi a ɗan rage, gobe zan je sari."

Darajar littafin nan ta fito sosai a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako. Masu jiran ɗan aike daga 'yan'uwa a Kano ko Abuja suka rasa hanyar ko kiran waya. Haka aka sake shiga wani ƙuncin a farkon 2023 bayan an canja fasalin Naira: kuɗinka na banki, amma ba ka da na sayen ashana. Duka lokutan biyu Malam ya ci gaba da ba da kaya a rubuce, alhali shi ma a wurin sari babu mai ɗaga masa ƙafa. Allah ya saka masa da alheri, akwai gidajen da da shi suka ɗora tukunya.

Bencin nan kuwa nan ake barin makullin gida da saƙon ɗinki, nan baƙo ke tambayar kwatance, nan ake fara jin sanarwar suna ko jana'iza.

Amma akwai gyara. Kayansa sun ɗara na kasuwa tsada, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 tazarar ta ƙaru. Na fahimci dalili, domin yawancin kayan daga Kasuwar Singa ta Kano suke tasowa, su biyo ta Funtuwa da Tsafe, kowane hannu ya ɗora nasa. Abin da ba na jin daɗinsa shi ne ba yara alawa a madadin canji. Iyayensu sun ƙidaya kuɗin kafin su aike su. Kuma madarar gari da biskit bai kamata su zauna kanta ɗaya da omo da maganin sauro ba, ƙamshin yana kama su. Na faɗa masa wannan baki da baki, ya ce zai sa kafinta ya ƙara katako.

Shinkafa da taliya na wata, gara ka shiga kasuwa ka yi awo. Ruwan leda mai sanyi kuwa, musamman da azumi, ka aika da wuri, domin kafin la'asar sakaliya firizar ta koma wayam.