Kamfanin da ya kai mu Ennedi: mota da girki sun yi, amma jagoran Fada ne ya ci kuɗinsa

Abokan sana'a a Babbar Kasuwar Njamena sun dame ni da tambaya ko kamfanin yawon buɗe idon da ya kai mu Ennedi, yankin duwatsu masu tsoffin zane-zane a arewa maso gabashin Chadi, ya cancanci kuɗin da ya karɓa. Ya cancanta, amma akwai wani aibi da ya tsaya mini a rai, kuma bai shafi mota ko kwanon abinci ba. Ya shafi duwatsun da muka je gani.

Kamfanin ƙarami ne, ofishinsa ɗaki guda. Lokacin sanyi muka tafi, ni da ƙanena da ɗansa saurayi, sai wasu 'yan kasuwa daga Garwa da aka haɗa mu da su. Land Cruiser biyu aka ba mu, tsofaffi amma masu lafiya, kowace da tayoyin canji da jarkokin mai da na ruwa. Mun bi ta Mongo zuwa Abeshe, muka haura Biltine da Arada, muka sha mai a Kalait, sannan garin Fada da ke cikin Ennedi. A kan hanya ba ni da ƙorafi. Direbobin sun san inda ake rage iskar taya idan an shiga rairayi, kuma ba mu taɓa barin lokacin sallah ya wuce mu ba. Kukun ya iya tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama, shayinsa kuma ba ya yankewa. Barguna ne suka yi kaɗan. Sanyin asuba a can ba irin na Njamena ba ne, ku riƙo naku.

A Fada aka ɗauko mana jagora, wani dattijo ɗan ƙasar wanda ya yi kiwon raƙuma a kwarurukan nan tun yana yaro. Da Larabcin Chadi muke magana da shi. Shi ya kai mu gindin Aloba, dutsen nan da iska da ruwa suka huda ya zama wata ƙatuwar ƙofa mai tsayin kusan mita 120. Shi ya hau da mu saman Arshe da sassafe, muka leƙa tafkin da ke tsakanin bangayen dutse, raƙuma cike suna shan ruwan da kashinsu ya baƙanta, kukansu na amsawa a kwarin. A ruwan nan ne 'yan kadojin da suka rage tun zamanin da Sahara ke da koguna suke zaune. Ya kai mu Terkei, inda aka zana wata ƙatuwar saniya da mahaya dawakai a guje, da jar ƙasa da farar ƙasa. Shanu a wurin da yau ko akuya sai ta wahala. Wanda ya yi zanen ya ga ciyawar da mu ba mu gani ba.

A cikin kogunan dutse masu zanen nan ne raina ya ɓaci. Kusa da zanen, wani lokaci a kansa ma, sai ka ga sunan mutum da gawayi, ko da alli, ko an kankare dutsen da wuƙa. Wasu da baƙaƙen Larabci, wasu da boko, har da shekara, kamar wani ya tambaye su. Ba sabon abu ba ne. A farkon 2017 labari ya bazu cewa an ɓata zanen kogunan Arshe da rubutun sunaye cikin Faransanci da Larabci, ministan al'adu na lokacin, Mahamat Saleh Haroun, ya fito ya yi tir da abin. Watanni kaɗan ke nan bayan hukumar UNESCO ta saka Ennedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Chadi kaf wurare biyu gare ta a wannan jerin, Ennedi da tafkunan Unianga da aka saka a 2012.

Mutane na ɗauka gawayi abu ne da za a goge. Dutsen Ennedi dutsen yashi ne, yana da ƙananan ƙofofi, yana shan abin da aka shafa masa. Ni mai sayar da shadda ne, na san idan baƙin rini ya ɗiga a kan farar shadda, duk abin da zai fitar da shi sai ya ci zaren. Haka fenti yake yi wa dutsen nan: mai gogewa zai tafi da sunan, ya tafi da ƙafar saniyar da ke ƙarƙashinsa. Kankara da wuƙa ta fi muni, don tana ɓare duhun ɓawon da dutsen ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana yi, farin tabon kuma ya zauna ke nan har jikoki. Masu hura wuta a cikin kogo su ma suna nasu, hayaƙi ya rufe rufin da baƙi.

Ɗan ƙanena ya tsinci guntun gawayi a bakin wani kogo, ya nufi wani gefe da babu zane. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗana, inda ka ga babu komai, akwai. Ido ne bai kai ba." Ya sa shi ya durƙusa ya dubi bangon ta gefe, inda hasken rana ke kwantawa, sai ga layin mutane ja-ja sun kusa shuɗewa, riƙe da sanduna. Yaron ya ce, "Baba, wallahi ban gansu ba." Ya jefar da gawayin, kuma daga ranar shi ke tsawatar wa wasu. Wannan aikin shi na biya kuɗi a yi mini, ko da ban san shi nake saye ba lokacin da nake ciniki a ofis.

Ga aibin. A wani kogon, dattijon ya tsaya ƙasa yana magana da makiyaya, sai ɗaya daga cikin direbobin kamfanin ya buɗe gorar ruwa ya ce da ni, "Alhaji, bari in watsa masa, launin zai fito, hotonka ya yi kyau." Yadda ya faɗe ta ba tare da jin komai ba ya nuna mini ya saba. Na hana shi. Ruwa yana fito da jan na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma yana shiga dutsen ya narkar da gishirin da ke ciki, in ya bushe gishirin ya taso ya ɓamɓaro fatar dutsen tare da launin. Mai rubuta suna sau ɗaya yake zuwa. Direba kuwa duk lokacin sanyi yana nan, da gora a hannu, yana neman tukuici. Ban ce mugun mutum ba ne, ya yi mana hidima iyakar ƙarfinsa. Ba a koya masa ba ne, kuma laifin wannan na mai kamfani ne. Kafin mu tashi an yi mana bayanin kuɗi da kaya da maganin zazzaɓi, amma ba wanda ya ce kada ku taɓa, kada ku jiƙa, kada ku rubuta, kada ku ɗauko duwatsun niƙa da guntayen tukwanen da ke zube a ƙasa. Maganar da ba za ta ci minti biyar ba.

Asarar ba ta tsaya kan dutse ba. Tun 2018 ƙungiyar African Parks, mai kare gandun namun daji, ke kula da yankin tare da gwamnati, an ɗauki 'yan ƙasar aikin tsaro, har jiminai an dawo da su daga gandun dajin Zakuma. Amma fili ne mai faɗin dubban murabba'in kilomita, ba a iya sa mai gadi a bakin kowane kogo. Baƙon da ya ci wahalar hanyar nan ya tarar da sunan wani a kan zanen ba zai tura ɗan'uwansa ba, kuma wanda zai ji a jikinsa shi ne jagora irin dattijon nan, da mai ba da hayar raƙumi, da matan da ke shimfiɗa kayan saƙa a gefen sansani. Sunan da UNESCO ta ba wuri ma ba gado ba ne: ta karɓe na wani gandun namun daji a Oman a 2007, ta karɓe na birnin Libaful a Ingila a 2021.

Na koma ofishin na gaya wa mai kamfanin duk wannan baki da baki. Ya saurara, ya ce zai yi wa direbobinsa magana. In za ku bi su, ku bi, motocinsu za su kai ku su dawo da ku. Amma tun wajen ciniki ku sa sharaɗin a ɗauki jagora ɗan Fada, a kuma bar shi ya shiga kowane kogo tare da ku. Tukuicinsa ku damƙa masa hannu da hannu, kada ya bi ta ofis. In da yara a tafiyar, ku yi musu maganar gawayi da wuƙa tun a Kalait.