Meeting Guide, manhajar da ta kai ni mitin ɗin masu barin giya ba tare da ɗan unguwarmu ya gan ni ba

Wata bakwai kenan rabona da kwalba, shi ya sa na ce bari in ɗan yi rubutu a kan manhajar nan, don na san ba ni kaɗai ba ne a cikin 'yan uwa da ke nan Amurka, kawai dai ba a faɗa ne. Ni tuƙi nake yi a New York, dare nake fita, a Bronx nake zaune inda in ka yi atishawa a bakin masallaci kafin la'asar an ji a gida. Toh mutum irina ta ina zai fara tambayar ina mashaya ke taruwa? Wa zan tambaya, liman?

Wata nas ce ta nuna min ita ranar da aka sallame ni daga asibiti. Sunanta Meeting Guide, kyauta ce, tana Android tana iPhone, alamarta farar kujera mai naɗewa a kan shuɗi, wanda ya leƙa wayarka ba zai ma gane ta mece ce ba, ni wannan kaɗai ya sa na yarda na sauke. Ta ƙungiyar AA ce, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina sha, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a 1935 a garin Akron na jihar Ohio, su biyun duk giya ta taɓa kayar da su. Manhajar ba ta tambaye ni suna ba. Kana buɗewa sai ta jero maka mituttukan da ke kusa, da lokaci, da adireshi, da nisan wurin.

Ni kuma na kusa ɗin ne ba na so. Sai na rubuta sunan wata unguwa can Queens, na samu na ƙarfe bakwai na safe, daidai tashina daga aiki. Na kai minti ashirin a mota ina kallon ƙofar, ɗakin ƙasa ne na wani coci, zuciyata na cewa kai Musulmi ɗan Musulmi me ya kawo ka nan, sai na tuna ai ranar da nake shiga shagon giya ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Na shiga. Kujerun roba, kofi mai ɗaci a kofin takarda, mutum wajen goma sha biyar. Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa. Da layi ya zo kaina na ce yau saurare na zo yi, ba wanda ya matsa min. Wani tsoho hannunsa na ɗan rawa ya miƙo min wani ɗan kwabo na awa 24, alamar kwana ɗaya ba sha, har yanzu yana aljihun motata tare da carbi.

Awa ɗaya ake yi. Babu kuɗin rajista, kwando ake zagayawa da shi, ka sa dala ɗaya ko ka miƙa gaba.

Ku lura da rubutun da ke ƙarƙashin kowane mitin, Open kowa na iya zuwa har matarka ko abokinka, Closed na masu son daina sha ne kaɗai. Akwai na mata zalla, na maza, na sabbin shiga, akwai kuma na Zoom. Ni garaje ya sa wata rana na tuƙa har wani wuri cikin ruwan sama ashe na intanet ne, an rubuta ƙarara, ni ne ban karanta ba.

Maganar addini kuwa gara in faɗa tun yanzu. Matakai 12 da 'yan AA ke bi don barin giya suna ambaton Allah amma sun ce gwargwadon yadda kowa ya fahimce Shi, wasu wuraren kuma da addu'ar Kirista ake rufewa ana riƙe da hannu. Ni shiru nake yi ina hailala a zuciya, ba a taɓa harara ta ba. Wanda abin zai tsaya masa a rai ya nemi Millati Islami, Musulmi ne suka kafa ta a Baltimore a 1989, matakai 12 ɗin ne amma da Alƙur'ani da hadisi, sai dai ba za ka gan su a wannan manhajar ba, ita na AA kawai take kawowa.

Don Allah in kai mai sha kullum ne, ka farka da rawar hannu, kar ka yanke rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki wai kai namiji. Haka na yi, kwana biyu na faɗi ina jijjiga kamar mai farfaɗiya, abin da ya kai ni asibitin kenan. Likita tukuna, sannan mitin. Layin neman taimako na SAMHSA, hukumar gwamnatin Amurka mai kula da matsalar shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, 1-800-662-4357, kyauta ne dare da rana.

Tauraro huɗu na ba ta cikin biyar, ɗayan na riƙe ne saboda wanda Turancinsa bai nuna ba zai sha wahala, ni kaina akwai abin da ke cina wanda sai da Hausa zai fito. Gobe Talata, ni ne mai dafa kofi, sai na riga kowa zuwa da rabin awa.