Keycloak, Authentik ko Authelia: wa za ka ba gadin ƙofar manhajarka?

Duk wanda ya taɓa rubuta shafin shiga da hannunsa ya san wahalar: yau wani ya manta kalmar sirri, gobe a ce ka ƙara tabbaci na biyu ta waya. Shi ya sa ake ɗauko mai gadi daga waje, wato wata manhaja daban da za ta riƙa tantance masu shiga. Auth0 da Okta suna wannan aiki da kyau, amma da dala ake biya, kuɗin kuma yana hawa yadda masu amfani ke ƙaruwa. Mai karɓar naira ya san zafin haka. Sai a koma ga kayan da tushensu ke buɗe (open source), irin su Keycloak da Authentik da Authelia, ka ɗora a sabarka.

Ni dai Keycloak nake so, ba zan ɓoye ba. Red Hat ce ta fito da shi a 2014, an rubuta shi da Java, lasisinsa Apache 2.0, a 2023 kuma ya shiga ƙarƙashin CNCF, gidauniyar da ke kula da irin waɗannan manhajoji masu buɗaɗɗen tushe. Yana jin OpenID Connect da OAuth 2.0 da SAML, ƙa'idojin da manhajoji ke bi wajen tantance mai shiga da ba shi izini, yana kuma jawo sunayen ma'aikata daga kundin asusun ma'aikata na LDAP ko Active Directory, wanda shi ne abin da makarantu da asibitoci suka fi tambaya. Manhajarka ba ta ganin kalmar sirri ko kaɗan. Ta tura mutum wurin Keycloak, ya dawo da tikiti mai sa hannu, cikinsa an rubuta shi wane ne da abin da aka yarda ya taɓa. Kana iya ware kowane kamfani a sashensa, mutanen wannan ba sa ganin na wancan. Yana cin ƙwaƙwalwar saba, gaskiya ne, kuma shafin gudanarwarsa sai an zauna an koya. Na yarda da wannan farashin.

Authentik ya fi kyan gani, amma wasu abubuwansa suna ɓangaren da ake biya. Authelia ƙarami ne, ya dace da tsare ƴan shafuka a bayan Nginx ko Traefik (manhajojin da ke tsayawa gaban shafuka suna karɓar baƙi), ba ya jin SAML. Ory kuwa gunduwa-gunduwa yake zuwa, Hydra mai ba da tikiti daban, Kratos mai riƙe asusun mutane daban, kai za ka haɗa. Zitadel ya koma lasisin AGPL a 2025, ka karanta sharuɗɗansa kafin ka ɗauka.

Tambayata ta farko yanzu ita ce: ina ake ajiye bayanan mutane? Wani da muka ba kwangila ya taɓa kunna mana Keycloak da umarnin start-dev, wanda na gwaji ne kawai, bayanai na zaune a H2, ƙaramin rumbun bayanai, cikin kwantena, wato akwatin Docker da manhajar ke gudana a ciki. Ranar da aka sabunta kwantenar, asusun kowa ya tafi. Kwana biyu muna kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan, in ban ga rumbun bayanai na PostgreSQL da kwafin ajiya da aka gwada dawo da shi ba, ba na sa hannu.

Ka kuma yi hattara da masu sayar maka da tsohon kaya. Hoton jboss/keycloak, wato ƙunshin da ake kunna kwantena da shi, na rumbun Docker Hub an daina sabunta shi tun kafin a mayar da ginin Keycloak kan Quarkus a siga ta 17 cikin 2022, amma har yau darussa na tura mutane can. Na gaskiyar yana quay.io/keycloak/keycloak. Akwai masu canza wa Keycloak launi da tambari su ce nasu ne, su karɓi kuɗin wata-wata, ba sa ko sabunta shi. Ka ce su nuna maka lambar siga. Wanda ya sa alamar tauraro a adireshin da ake dawo da mutum bayan shiga, ya buɗe wa ɓarawo hanyar karkatar da tikiti zuwa shafinsa. Wanda ya ce manhajar waya ba ta bukatar PKCE, kariyar da ke hana wanda ya sace lambar shiga a hanya amfani da ita, kar ka saurare shi. Laburaren da ba ya duba sa hannun tikiti da ranar ƙarewarsa kuwa, ka cire shi yau, ko da an riga an biya wanda ya saka.