Takaful ko inshorar da aka saba: amsa ga mai shirin sauya kamfani

Alhaji, ka ce an bugi motarka a shataletale, wata uku kana zarya ofishin kamfanin inshora ba a ba ka ko sisi ba, har ka ƙosa. Kana tambaya ko wani kamfanin irinsa za ka koma, ko kuwa takaful, wato inshorar tsarin Musulunci.

Tukuna, ciro takardar ka duba. In ta naira 15,000 ce, wadda 'yan sanda ke tambaya a hanya, to babu ruwanta da gyaran motarka. Aikinta biyan wanda kai ka yi wa ɓarna, dukiya har ta naira miliyan 3, tun da NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ɗaga kuɗin daga 5,000 a Janairun 2023. Kamfanin wanda ya buge ka shi ya kamata ka bi. Da yawanmu a nan muke ɓata rai a banza, mu sauya kamfani, mu sake sayen takarda iri ɗaya.

In kuwa cikakkiyar inshora ce, wadda ke biyan haɗari da gobara da sata, kana da hujjar yin fushi. Ƙa'idar hukumar ita ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota, wato motar miliyan 8, naira 400,000 a shekara. Saboda haka kada ka sa ran wani gagarumin rangwame ko ta wane ɓangare.

Bambancin yana wajen makomar kuɗin. A kamfanin da aka saba, abin da ka biya ya zama nasu. Shekara ta ƙare lafiya, riba tasu, sai dai su ɗan rage maka wajen sabuntawa. A takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, gudummawa kake zubawa a asusun taimakon juna, kamfani wakili ne da ke ɗaukar ladan aikinsa. Ba a juya kuɗin ta hanyar ruwa, akwai malamai masu sa ido, kuma in an samu rara ana raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ni wannan ne ya ja ni, hankalina ya fi kwanciya.

Amma fa takaful ba ya hana zarya. Can ma za a nemi rahoton 'yan sanda, da hotuna, da kiyasin makanike, a turo mai duba ɓarna ya zaftare lissafin. Akwai kuma kason farko na gyara da kai za ka biya daga aljihunka, dukansu suna da shi, kuma wakili ba ya faɗa sai ka tambaya. Tsofaffin kamfanoni kuwa sun fi yawan rassa, abin dubawa ne ga mai yawan tafiya.

Kada ka bar haƙƙinka a baya don za ka tashi. Rubuta ƙorafi zuwa NAICOM da lambar takardarka, ka jira wa'adin inshorarka ta yanzu ya cika sannan ka sauya. Sabuwar kuma kada ka saye ta hannun 'yan kamasho na bakin ofishin lasisi. Ka biya kamfanin kai tsaye, ka danna *565*11# ka sa lambar motar, ka ga ta fito kafin ka bar wurin.